Sake Auna Matsayin Guido na Arezzo da Mawaƙan Notre Dame a Tarihin Waƙar Turai

Tsakure

Maƙalar ta yi hujjar cewa abin da ya haifar da mai tsara waƙa mai muryoyi da yawa a Turai shi ne dabarar rubuta tsawon lokacin sauti, wadda ta kankama a Paris daga ƙarshen ƙarni na 12 zuwa wajen 1280.

Waiwaye

Littattafan koyarwa sukan naɗa wa Guido na Arezzo rawanin wannan fage gaba ɗaya. Ba a raina aikinsa. Alamomin da ake ɗorawa a kan kalmomi tun ƙarni na 9 tuni kawai suke yi wa wanda ya riga ya haddace waƙar. Da Guido, marubucin Micrologus na wajen 1026, ya jera su bisa layuka, sai mawaƙi ya iya rera abin da kunnensa bai taɓa ji ba. Amma layukan suna nuna hawa da saukar murya ne kurum, sun yi shiru a kan tsawon riƙe ta. A nan muka raba hanya da masu wancan ra'ayi.

Hanyar Bincike

An kwatanta koyarwar Guido da ta Franco na Cologne, aka auna su da waƙoƙin cocin Notre Dame da ke Paris.

Sakamako

Muddin kowa na bin murya ɗaya, jagora da hadda sun wadatar. Matsala ta taso ne da muryoyi suka yawaita. Wani marubuci ɗan Ingila da sunansa ya ɓace, wanda masana ke kira Anonymous IV, ya ambaci mawaƙan Notre Dame biyu: Léonin da babban kundinsa na waƙoƙi masu murya biyu, da Pérotin wanda ya kai su huɗu. A Viderunt omnes na Pérotin, murya ta ƙasa tana riƙe gaɓa ɗaya na dogon lokaci, uku na sama suna kai da komo a kanta. Lamarin kamar lugude ne: idan taɓarya ɗaya ta saɓa, daka ya lalace. Takardun Bishof Eudes de Sully na 1198 da 1199 sun tabbatar da cewa ana rera murya huɗu a cocin a lokacin.

Mawaƙan Paris suka fito da salon kari guda 6, ana gane kowanne daga yadda aka harhaɗa alamomi. Wajen 1280 Franco ya sa siffar kowace alama ta faɗi tsawonta da kanta. Daga nan mutum ɗaya zai iya zama da alƙalami ya ƙayyade abin da bakuna huɗu za su yi a lokaci guda. A kan wannan tubali Guillaume de Machaut, wanda ya rasu a 1377, ya gina Messe de Nostre Dame a Reims.

Iyakar Bincike

Dole a yarda cewa Hildegard ta Bingen (1098–1179) ta bar waƙoƙi da sunanta ba tare da wannan dabara ba, kuma shaidar Anonymous IV ta zo ne shekaru da dama bayan Pérotin. Sai dai waƙoƙin Hildegard masu murya ɗaya ne, don haka ba su rushe hujjar ba.

Kammalawa

Guido ya sauƙaƙe adana waƙa da koyar da ita. Paris da Franco ne suka ba mai tsarawa iko a kan lokaci, kuma ya kamata manhajojin tarihin kiɗa su raba yabon a kan haka.