Hidimomin Tallafa wa Gudanar da Ayyukan Injiniya a Kwarin Rima: Nazari kan Aikin Ban-ruwa na Zauro

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi aikin ban-ruwa na Zauro, a fadamar da ke tsakanin Argungu da Birnin Kabi, domin gano gurbin hidimomin da ke rakiyar aikin injiniya: rajistar gonaki, lissafin diyya, jadawalin aiki, adana bayanai da tuntuɓar jama'a. Matsayar maƙalar ita ce raunin waɗannan hidimomi ya fi matsalar zane ko siminti yi wa aikin tarnaƙi.

Gabatarwa

Tun wajajen 1969 ake zancen kewaye fadamar Zauro da jinga, wato bangon ƙasa mai tare ambaliya, domin a noma shinkafa damina da rani a fili mai faɗin sama da hekta 10,000. Aikin yana hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. A 1982 aka buɗe gonar gwaji mai hekta 100, amma babban aikin ya daɗe bai wuce takarda ba, duk da cewa an ƙirƙiro Jihar Kabi a 1991, kuma a wannan jiha aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya a Nuwamban 2015.

Ruwan da ake saki daga wani wuri

Gulbin da ke ratsa Argungu da Birnin Kabi ba ya zuwa da ikon kansa. Madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, da ta Goronyo, da aka kammala a 1984, su ke yanke yawan ruwan da zai gangaro da lokacin zuwansa. Binciken W. M. Adams na shekarun 1980 ya nuna yadda Bakolori ta rage ambaliyar da manoman shinkafa da masunta na ƙasa da ita suka dogara a kai. A Satumban 2010 kuma ruwan Goronyo ya yi gyara, ya cinye gonaki da ƙauyuka. Saboda haka duk jadawalin aiki a Zauro da ba a ɗaure shi da jadawalin sakin ruwa daga waɗannan madatsu ba, ginin toka ne. Ana buƙatar jami'i wanda aikinsa kullum shi ne karɓar ma'aunin ruwa daga Goronyo, ya isar wa ɗan kwangila da hakimai da ƙungiyoyin manoma kafin ruwan ya iso.

Gona da diyya

Nan ne gizo ke saƙar. Gonar fadama tana da masu haƙƙi bisa masu haƙƙi: mai gado, mai aro, mai jingina, makiyayin da ke shigo da shanu bayan girbi, da masuncin da ke jiran ruwa ya janye ya kama kifi a tafkunan da ya bari. Safiyo zai auna faɗin gona cikin yini guda, amma na'urarsa ba ta gaya masa cewa wanda ke noma ta aro ya yi daga kawunsa. Idan aka rubuta suna ɗaya a takardar diyya, an shuka rigimar da za ta tsayar da katafila. Mutanen kwarin ba su manta da Bakolori ba, inda a 1980 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyya. Ga mutanen Argungu kuwa akwai fargabar abin da jinga za ta yi wa mashigin Matan Fada da bikin kamun kifi, wanda ake yi tun 1934, UNESCO kuma ta sanya shi cikin gadon al'adun duniya a 2016. A ganina wannan fargaba tana da hujja, kuma ya kamata amsarta ta kasance da adadi: ruwa nawa zai rage a mashigin a watan Fabrairu da Maris.

Dokar tantance tasirin ayyuka kan muhalli ta 1992 da dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 sun shata matakai, sai dai ƙarfinsu yana kan abin da ke faruwa kafin sa hannu a kwangila. Bayan ɗan kwangila ya karɓi kuɗin kafin alƙalami, bin diddigi yakan faɗa kan injiniya guda mai lura da ayyuka barkatai.

Shawara

A kafa ofishin gudanarwa na dindindin a Birnin Kabi, mai kasafin kansa, wanda canjin gwamnati ba zai rusa ba. Aikinsa na farko shi ne rajistar kowace gona da duk masu haƙƙi a kanta, a karanta ta a bainar jama'a gaban wakilan Sarkin Gwandu da Sarkin Kabi, da Sarkin Ruwa da ardo-ardon Fulani. Ɗaliban safiyo da injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru za su iya ɗaukar aikin awo da shigar da bayanai a kwamfuta, a kuma ware kuɗin yashe magudanai da gyaran famfuna tun a cikin takardar kwangilar farko.