Dandali: Tarihin Gidan Fasaha a Ƙasar Gobir

Gabatarwa

A hutun da ya wuce na je gida Sabon Birni, sai na tarar da wani tsoho baƙo zaune a zauren kawuna. Na gane shi nan take, domin shi ne makaɗin gangar noma na wani ƙauye da ke gabas da mu, wanda muke bi a baya muna yara duk ranar da aka kira gayya. Mutanen ƙauyen sun watse saboda ɓarayin daji, shi kuma ya shigo gari da iyalinsa. Bayan mun gaisa na ce masa, "Baba, ina ganga?" Sai ya nuna mini wani buhu da ke rataye a bango, ya ce, "Ganga tana nan lahiya lau, ɗana. Dandali ɗai na babu."

Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami. Nufina shi ne in bi sawun wurin da Gobirawa da maƙwabtansu suke tara fasaharsu tun zamanin da, in nuna wanda yake riƙe da wurin, sa'an nan in faɗi abin da nake gani ya kamata mu yi. Ra'ayina kuwa ɗaya ne, watau gidan fasaha ba ya rayuwa sai mutanen gari sun ɗauke shi nasu.

Dandali a Zamanin Da

Mai karatu ya sani Gobirawa mutane ne da suka sha ƙaura. Wajen tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya mai da Alƙalawa babban birninsa, a nan ne kuma Bawa Jan Gwarzo ya yi mulkinsa. Birnin ya faɗi a hannun mayaƙan jihadi a 1808, aka kashe Sarki Yunfa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 sauran Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya Ɗan Halima ya ɓalle daga Tsibiri ya gina Sabon Birni, ba nisa da kufan Alƙalawa. Isa kuwa ribaɗi ce ta Sakkwato, wadda mai sarautarta shi ma ake kira Sarkin Gobir. Da Turawan Ingila da na Faransa suka ja iyaka a farkon ƙarni na 20, sai Tsibiri ta faɗa Nijar, Sabon Birni da Isa suka faɗa Nijeriya.

Duk wannan yawo bai kashe kiɗa da waƙa ba, kuma dalilin yana cikin yadda ake zana garin Hausa. In an kafa gari akan gina fada da masallaci, a bar fili mai faɗi a gabansu, watau dandali. A nan ake hawan salla, a nan ake naɗin sarauta, a nan ake kaɗa tambura. Kowace unguwa kuma tana da nata ƙaramin dandali, inda 'yan mata suke gaɗa da farin wata, samari suna langa da kokawa, tsofaffi mata suna tatsuniya a bakin ƙofa.

Abin lura shi ne, filin nan ba shi da ma'aikaci ko ɗaya mai albashi, amma ba a taɓa barinsa babu mai kula ba. Sarkin Samari ke shirya shara da yayyafa ruwa, shi ke tara gudummawa in za a gayyato makaɗi daga wani gari. Mahauta ke riƙe da dambe da masu kalangunsu. Manoma ke ciyar da mai gangar noma, da kaka a ba shi dami. Bayan an kai amfanin gona gida samari kan shirya kalankuwa, su naɗa wa junansu muƙaman sarauta da na gwamnati, su yi ta kwaikwayon masu mulki ana dariya. Da azumi yara su fita tashe gida gida, ana ba su hatsi. Ashe kuwa abin da 'yan boko ke kira cibiyar fasaha muna da shi tun tuni, sai dai namu ba shi da rufi.

Daga irin wannan makaranta manyan mawaƙanmu suka fito. Musa Ɗanƙwairo da kiɗan noma ya soma kafin ya zama makaɗin fada. Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, wanda ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu kiɗan kotso har ya rasu a farkon shekarun 1960, a ƙofar fada yake waƙa, a bainar jama'a. Sarki ke ba da doki da riga, gaskiya ne. Amma talakawan da suka cika filin su ne alƙalai, su ke haddace waƙa su kai ta kasuwa da gona. Waƙar da ba su karɓa ba, ko an ba da doki goma a kanta, nan take mutuwa.

Darasin Samariya a Nijar

Yanzu bari mu ƙetara iyaka zuwa wajen 'yan'uwanmu na Maraɗi, domin a can ne aka yi ƙoƙari mafi girma na yi wa dandali rufi. A watan Afrilu na 1974 soja suka karɓi mulki a Nijar a ƙarƙashin Saini Kunce, ƙasar tana cikin fari da yunwa. Kunce ya soke jam'iyyar siyasa, ya nemi wata hanya ta haɗa kan jama'a, sai ya waiwayi tsohuwar ƙungiyar samari ta ƙasar Hausa, ya farfaɗo da ita da sunan Samariya. Kowace unguwa da kowane ƙauye suka sami tasu, da Sarkin Samarinta da mataimakansa maza da mata.

Aikin Samariya iri biyu ne. Da rana gayya: buga tubali, gina azuzuwan makaranta, share tituna, dasa itatuwa. Da dare kuma wasa: waƙa, rawa da wasan kwaikwayo. A 1975 aka yi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya zama zakara. A 1976 aka buɗe bikin matasa na ƙasa a Damagaram, aka riƙa zagayawa da shi daga babban gari zuwa babban gari. Ƙungiya kan fara gasa tun daga unguwarta, in ta ci ta wuce gaba, har ta kai gaban shugaban ƙasa. Manyan garuruwa suka sami filayen kokawa da gidajen matasa da al'adu. Na Maraɗi yana ɗauke da sunan Bawa Ɗan Wardanga, babbar cibiyar Yamai kuma da sunan mai shirya fim Umaru Ganda, wanda ya rasu a 1981.

Me ya sa abin ya kama? Ni dai a ganina don ba baƙon tsari aka kawo wa mutane ba. Sun san gayya, sun san Sarkin Samari, kuma wanda ya ɗauki tubali a kansa ba ya bari gini ya rushe yana kallo. To, amma fa Samariya tana da ciwonta. Gwamnati ce ta riƙe linzami, yawancin wasanni kuma saƙonta suke isarwa, ga tarbar manyan baƙi da tafi. Kunce ya rasu a 1987. Da aka yi babban taron ƙasa a 1991 aka koma siyasar jam'iyyu da yawa, sai aka ɗauki Samariya a matsayin kayan aikin tsohon mulki, ta dushe. Gine-ginen suna nan, amma irin cikar da suke yi a shekarun 1980 ta zama labari. Darasi biyu ke nan a wuri ɗaya: gumin jama'a ya raya abin, jingina shi ga mai mulki ya kwantar da shi.

Abin da Ya Faru a Nijeriya

A namu ɓangaren misalai uku sun isa. Na farko daga ƙasar Yarbawa yake. A 1962 Duro Ladipo, tare da Bature Ulli Beier, ya buɗe Mbari Mbayo a gidansu da ke cikin garin Oshogbo. Babu wani ƙaton gini, tsakar gida ce kawai da ɗakuna, amma ƙofa a buɗe take ga kowa, 'yan kasuwa da makaɗa da yaran unguwa. Daga cikin samarin da suka koyi zane a wurin aka sami Twins Seven-Seven da Jimoh Buraimoh da Muraina Oyelami, waɗanda sunansu ya kai Turai da Amurka. Har yau in ana maganar zanen zamani a Afirka sai an ambaci Oshogbo.

Na biyu, gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Iganmu a Ikko, wanda aka gama a 1976 domin bikin FESTAC na 1977. Kuɗin man fetur aka zuba, aka yi gini na gani na faɗa. Da biki ya watse sai aka bar shi yana lalacewa shekara da shekaru, sai a 2020 aka miƙa wa bankuna gyaransa. Otal ɗin Durbar na Kaduna, wanda shi ma don wannan biki aka gina, kango ya zama har aka rushe shi a 2020.

Na uku ya fi kusa da mu. A 2016 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar za ta gina ƙauyen shirya finafinai a Kofa, cikin ƙasar Bebeji ta Jihar Kano. Malamai da jama'a da yawa suka ce ba su yarda ba, cikin 'yan kwanaki aka janye. Kowa yana da ra'ayinsa game da wanda ya yi daidai, amma abu ɗaya a fili yake: an yanke shawara a sama kafin a zauna da mutanen da za a kai wa abin. Tsakar gidan Duro Ladipo ta haifi masu fasaha, miliyoyin gwamnati kuwa ko tubali ɗaya ba su aza ba.

Halin da Muke Ciki

A yau dandalin ƙauye a ƙasar Sabon Birni da Isa ya mutu a wurare da yawa. A watan Mayu na 2020 an kashe mutane masu yawa a rana ɗaya a ƙauyukan Garki da Ɗan Aduwa da maƙwabtansu. A watan Disamba na 2021 an ƙone matafiya a cikin mota. A 2024 an sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Dubban mutane sun gudu zuwa ƙasar Maraɗi, wasu sun shigo cikin gari. Inda ba a noma ba a kiran gayya, inda ba a kwana da ido biyu rufe ba a gaɗa.

Na san wani zai ce, ana kashe mutane kai kana zancen ganga? Ban ce ganga ta fi rai ba, tsaro shi ne gaba da kome. Amma ina roƙon mai wannan tambaya ya tuna fasaharmu ba a takarda take ba, a bakin mutane take. Kirarin noma da take da tatsuniya da jerin sarakunan Gobir, yaro yana ɗaukarsu ne don yana wurin da ake yinsu. Yaron da aka haifa a gudun hijira ya kai shekara goma bai ga gayya ba, ranar da zaman lafiya ya dawo ba zai san abin da ya rasa ba, tsohon da zai gaya masa kuma ya riga mu gidan gaskiya. Bugu da ƙari, saurayin da ba shi da gona ba shi da dandali, wa ya san wanda zai riga mu kiransa?

Kammalawa

Shawarata ita ce a samar da wuri ɗaya a tsakiyar Sabon Birni, wani kuma a Isa, kusa da fada ko kasuwa, inda ƙafar kowa take kaiwa. Ba sai bene ba: zaure babba, rumfa, fili da katanga. A nemi filin daga hakimi, a buga tubali da gayya, 'yan kasuwa su kawo kwano, maƙera da magina su ba da hannu. Kafin a aza harsashi a zauna da malamai da iyaye a yi yarjejeniya a kan abin da za a yi da lokacin da za a tashi, a ware wa mata ranarsu. Masu riƙon wurin su zama sarakunan sana'a da Sarkin Samari da wakilan mutanen ƙauyukan da suka yi hijira. In gwamnati ta kawo gudummawa a karɓa a yi godiya, amma mabuɗi ya zauna a hannun gari, kada kuma a rataya hoton wata jam'iyya a bango.

Mu ɗalibai namu aikin a bayyane yake. Kowane ɗayanmu yana da waya mai ɗaukar murya a aljihu, abin da magabatanmu masu nazarin Narambaɗa suka sha wahala kafin su samu. Duk hutu mu zauna gaban tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya, mu nemi izini mu ɗauka, mu rubuta. Kwafi ɗaya ya zauna a gari, ɗaya a kai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Malamanmu kuma muna roƙon su karɓi irin wannan aiki a matsayin kundin neman digiri.

Ranar da zan dawo makaranta na sake shiga zauren kawuna don sallama. Na roƙi tsohon nan ya sauko da buhun, ya sauko da shi, ya ɗaure tsirkiya, ya ɗan taɓa a hankali don kada maƙwabta su firgita. Kafin ya gama take ɗaya yara sun cika ƙofar zaure, har da waɗanda ba su taɓa jin gangar noma ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir, ya sa mu ga ranar da za a buga gangar nan a fili, amin.