Tayar Baya: Abin da Tsofaffin Fijo Suka Koya wa Masu Facin Ƙonni

A watan Afrilu, sa'ad da buhunan albasa suka cika bakin kwalta daga Galmi har Tsernawa, ba a rasa ganin tsohuwar Fijo akori-kura, wadda mutanen Nijar ke kira bashe, ta tsaya gaban rumfar mai faci, bayanta ya zauna saboda lodi. Gogaggen mai faci ba ya kallon fenti, ba ya tambayar lafiyar inji. Sai ya durƙusa wajen tayar baya, ya jiƙa yatsa a bahon ruwan da yake gwada tib, ya goge ƙurar gefen taya har lambobi su fito. Idan ya ga 185/65 R14 a inda ya kamata ya ga taya mai harafin C, zai ɗago kai ya ce, "Maigida, wannan ai ta ƙaramar mota ce, ba ta kaya ba." Sau da yawa direban ya sani. Kuɗi ne suka zaɓa masa.

Wannan ɗan karatu na gefen taya yana da tarihi, kuma Birnin Ƙonni na cikin wuraren da suka fi dacewa a ba da shi. Garin yana kan babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram. Kaɗan gabas da shi, a Tsernawa, hanyar Tawa da Agadas ta balle arewa, ta ratsa Badagishiri cikin gundumar Illela ta Nijar. Kudu kuwa, bayan 'yan kilomitoci, sai ɗaya Illelar ta Najeriya da hanyar Sakkwato. Saboda haka tayoyi sun daɗe suna shigowa Ƙonni ta ƙofa biyu, kowace da irin lissafinta.

Fijo 404 ta fito a 1960, kuma a littafinta an rubuta girman tayar da 165 x 380, wato faɗin taya da faɗin rim duka a milimita, yadda Faransawa ke yi a lokacin. Landirobar Ingilishi mai dogon jiki tana hawa 7.50-16, lissafin inci. Yaron da ya koyi aiki a wancan zamani dole ya san cewa 380 ta Bafaranshe ita ce 15 ta Bature ɗan Ingila, in ba haka ba ya tsallaka iyaka ya sayo abin da ba zai zauna a rim ba. Ko iska ma baki biyu gare ta. A Nijar ana ƙirga ta da bar, direbobi na cewa kilo, ma'aunan Najeriya kuwa psi suke nunawa, kuma bar ɗaya ya kai psi 14.5.

Amma girman tayoyi kaɗan ne a lokacin, kuma sababbi ne. Michelin na da masana'anta a Fatakwal, Dunlop na da tata a Ikeja, dukansu tun farkon shekarun 1960. Da kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975, sai mota da tayarta da kayan gyaranta duka suka zama abin maƙwabta. Direban da ke jigila tsakanin kasuwar Laraba ta Ƙonni da ƙauyukan kwarin Maggiya yana iya sayen tayar da aka ƙera daidai da motarsa. Fijon kuwa ba ta samu suna a banza ba: 404 ta ci tseren Safari na gabashin Afirka a 1963, 1966, 1967 da 1968, 504 kuma ta ci a 1975. Motoci ne da tayoyin baya ke tura su. Inji yana gaba, amma ƙarfinsa duka sai ya bi ta ƙarƙashin mota ya sauka a ƙafafun baya, inda buhuna da fasinjoji ke zaune. Shi ya sa tsofaffin direbobi ke ɗaukar tayar baya da muhimmancin da matasan da suka tashi da Starlet da Golf, masu jan gaba, ba su cika ganewa ba.

Masana'antar siminti ta Malbaza, wadda ta fara aiki a 1966, ta kawo wa yankin wata makarantar. Manyan motocin da ke ɗaukar siminti suna da tayoyi bibbiyu a kowane gefe na baya, kuma a nan ne masu faci suka koyi darasin da ba ya tsufa: idan ɗaya daga cikin tagwayen ta fi 'yar'uwarta tsayi ko da kaɗan, ita za ta ɗauki nauyin duka, ta yi zafi, ta fashe, ɗayar tana tafiya a huce. Kafin a haɗa su sai an jera su a ƙasa, a ɗora katako a kai a ga ko ya kwanta daidai.

Daga nan kasuwa ta juya. Naira ta fara faɗuwa a 1986, aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, sabuwar taya ta fi ƙarfin aljihun direban ƙauye. Gwanjon Turai ya cike gurbin, kwantena bayan kwantena ta tashar Kwatano. Michelin ta rufe masana'antar Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina ƙera taya a 2008. Gwanjon nan kuwa na motocin Turai ne na zamani, gajerun tayoyi masu faɗi da aka yi wa lafiyayyun tituna, wasu ma na lokacin ƙanƙara ne, robarsu mai taushi da ba ta jure kwaltar yankin Adar idan zafi ya haura digiri 40. Rim ɗin dai 14 ne ko 15, saboda haka suna shiga. Shigar nan ce ta yaudari mutane da yawa.

Lissafin ba shi da wuya. Taya 185 R14 ta da, wadda tsayin gefenta ya kai kashi 80 cikin ɗari na faɗinta, tana da tsayin milimita 652 daga ƙasa zuwa sama. Ita kuwa 185/65 R14, mai faɗi ɗaya da rim ɗaya, milimita 596 ce. Motar da aka sa wa ta biyun ta sauka ƙasa da kusan santimita uku, kuma a kan burji mai kwazazzabai santimita uku su ne tsakanin wucewa lafiya da fasa kaskon man inji. Kowane juyi na taya ya ragu da sama da kashi 8 cikin ɗari, don haka inji zai riƙa kuka fiye da yadda ya saba a gudu ɗaya, ya sha mai, agogon gudu kuma ya riƙa nuna abin da motar ba ta kai ba. Mafi muni shi ne nauyi. Bayan girma akwai wata lamba da kusan kowa ke tsallakewa. Idan 86 ce, kilo 530 tayar ke ɗauka. Tayar kaya 185 R14 C mai lamba 102 tana ɗaukar kilo 850. A ninka bambancin sau biyu, sai a ga buhunan albasa nawa ke hawa kan robar da ba a yi ta domin su ba.

Wasu kuma kan zarce ta ɗaya gefen, su sa doguwar taya fiye da kima domin motar ta ɗaga. Tana ɗagawa, amma sai ta rasa ƙarfin tashi da kaya, kuloci ya riƙa ƙonewa a hawan tudu, gefen taya ya riƙa gogar jikin mota duk lokacin da sifirin ya danne.

Abin sha'awa, wannan muhawara ta tsayin tayar baya ita ce zuciyar wani wasa da ake yi nesa da Ƙonni. A Amurka akwai tseren miƙaƙƙiyar hanya, inda motoci biyu ke tashi daga tsaye su yi rubu'in mil, mita 402. Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951 domin ya fitar da wasan daga titunan gari. Masu tseren farko talakawan gareji ne, kuma tayoyinsu na baya tsofaffi ne da aka sake lulluɓewa da roba sumul marar zane, sana'ar da duk mai facin Ƙonni zai gane da kallo ɗaya. Sai a ƙarshen shekarun 1950 kamfanin M&H na jihar Massachusetts ya ƙera taya musamman domin wannan tsere, Goodyear ta biyo baya a shekarun 1960. Tayar manyan motocinsu ta yau tsayinta inci 36 ne, faɗinta ya haura inci 17, iskar cikinta kusan rabin bar kawai, har gefenta na yamutsewa idan mota ta zabura. Mutumin da ya farfaɗo da motar tsere ta 1960 da wani abu yakan zauna da tambayoyin da bakaniken Ƙonni ya sani: tsayin da ya dace da haƙoran giyar baya, faɗin da zai shiga ƙarƙashin jikin mota ba tare da an yanke ƙarfe ba, da kamannin da ya yi daidai da zamanin motar. Shi yana neman tayar ta kama ƙasa na 'yan daƙiƙoƙi. Na Ƙonni yana neman ta kai kaya Badagishiri ta dawo, ta sake komawa mako mai zuwa.

Rage iska ma ba baƙon abu ba ne a nan. Lokacin da ayarin farko na tseren Paris-Dakar ya bar Faransa ranar 26 ga Disamban 1978, ya bi ta Agadas da Yamai, Turawan cikinsa sun yi ta sauke iska domin taya ta baje a kan rairayi. Direbobin Landiroba na arewacin Tawa sun riga su sanin wannan, kuma sun san ɗaya rabin: da an hau kwalta sai a mayar da iska da famfon hannu, domin taya mai laushi da kaya a kanta tana dafa kanta ne daga ciki.

Yau sababbin tayoyin Sin sun sauƙaƙa lamarin, ana samun na kaya a girman da tsofaffin motoci ke buƙata, kodayake rufe iyaka, kamar na 2019 zuwa 2020 da na 2023 zuwa 2024, yakan tayar da farashi cikin 'yan kwanaki. Wanda ya gaji 404 ko 504 daga mahaifinsa, ya kashe kuɗi a kan fenti da kujeru, ya cancanci mai facin da zai gaya masa gaskiya. Ya fara da tsayin da aka ƙera motar da shi, kada ya kauce masa da fiye da kashi biyu ko uku cikin ɗari. Tayoyin baya biyu su zama tagwaye na haƙiƙa, girma ɗaya, ƙira ɗaya, domin idan ɗaya ta fi tsayi, giyar da ke raba musu ƙarfi ba ta hutawa ko a miƙaƙƙiyar hanya. Kada a haɗa mai zare ta da da mai waya a aksil ɗaya. Sannan a nemi lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT: 2317 na nufin mako na 23 na shekarar 2017. Taya na iya zama da zane kamar sabuwa alhali robarta ta bushe, kuma ƙananan tsage-tsagen gefenta ba sa fitowa sai an danna da babban yatsa.

Wadda ta faɗi wannan jarrabawa ba a jefar da ita. Yaron shago zai mirgina ta bayan rumfa, inda mai amalanken jaki ke zuwa neman ƙafar da ba za ta taɓa wuce gudun jaki ba. Tib ɗinta kuma, idan tana da shi, za a yanka a ɗinka guga, ya tafi rijiyar wani lambun albasa a bakin Maggiya.