Hanyar Jirgin Ƙasa Daga Kano Zuwa Nguru

Mazauna Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi sun saba da rugugin manyan motocin da ke bin titin Maiduguri dare da rana, har ba safai wani ke tunawa ba cewa akwai zamanin da kayan yammacin Barno ta wata hanya dabam suke shigowa Kano. Wannan hanya ita ce dogon Nguru, mai tsawon kimanin mil 143.

Asalin al'amarin yana komawa ga shekarar 1911, zamanin Sarkin Kano Abbas, lokacin da dogon da aka faro daga Baro ya iso Kano, aka kuma buɗe shi ga fatauci a 1912. Auduga Turawa suka hango, domin masaƙun Ingila. Amma manomin Kano ya yi nasa lissafin. Audugarsa tana da masaya a gida, watau masaƙan birni da na ƙauye, waɗanda ke biya fiye da Bature. Gyaɗa kuwa tana son jigawa, ana haɗa ta da gero a gona guda, in kasuwa ta faɗi a ci ta, in ta tashi a biya haraji da kuɗinta. Saboda haka gyaɗa ta ƙwace jirgin da aka shimfiɗa don auduga.

Da aka ga haka, sai hankali ya koma ga ƙasashen da ke nesa da tasha, inda jaki da raƙumi da takarkari ke cinye ribar kaya tun kafin su iso sikeli. Aka ja reshe daga Zariya ya kai Kauran Namoda a 1929, aka ja wani daga Kano ya bi ta Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, ya tsaya a Nguru a 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Sai dai ya iso a mugun lokaci, domin kasuwannin duniya sun karye tun 1929, farashin gyaɗa ya zube, haraji kuwa bai bi shi ƙasa ba. Manomin da aka kawo wa dogo har ƙofar gida, abin da ya fara koya shi ne ƙara faɗin gona don ya sami kuɗin da ƙaramar gona ke ba shi a da.

Abin da ya fi cancantar nazari shi ne inda dogon ya bi da inda ya kauce wa. Bai shiga Haɗeja ba, bai shiga Gumel ba, ko da yake can ne kujerun sarauta suke. Ya ratsa ta filin da ya fi sauƙin aiki, ya kafa garuruwansa na kansa. Malam Madori ta zama tashar ƙasar Haɗeja: kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, fataken Sham suka zauna, dillalan Kano suka aiko yaransu, ma'aikatan reluwe daga Kudu suka kafa unguwanninsu. Mulki yana Haɗeja, kuɗi suna tasha. Nguru kuwa, da yake ita ce ƙarshen layi, ta tara gyaɗa da fatu da ƙiraga da ƙaro da shanu da bandar nama da kifi, ba daga Barno kaɗai ba, har daga ƙetaren iyaka.

Dalar gyaɗa, wadda aka tayar a Kano da Malam Madori, ana yawan ɗaukarta alamar arziki, kuma gaskiya ne. Amma duk buhun da ke cikin dala buhu ne da jirgi bai samu ɗauka ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kawunan jirgi da taragai sun yi ƙaranci, layi ɗaya ne siriri har bakin teku, don haka amfanin bana yakan tarar da na bara yana jira.

Faɗuwar layin ta zo daki-daki. Da aka tashi kai dogo Maiduguri, daga 1958 zuwa 1964, ba a ɗora daga Nguru ba, sai aka faro daga Kuru kusa da Jos, aka bi ta Bauchi da Gombe. Wannan shawara ita ta bar Nguru a lungu. Titunan kwalta suka biyo baya, mota ta riƙa zuwa har bakin kasuwar ƙauye, abin da jirgi ba ya iyawa. Sa'an nan farin 1973 da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 suka raba layin da kayan da aka gina shi dominsu, kuɗin man fetur kuma suka sa gwamnati ta daina jin zafin rashin. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Tun daga nan zirga-zirgar jirgin Nguru ta koma ta yi ta tsaya, a gyara ta motsa, ta sake tsayawa.

A 1991 ƙasar da dogon ya ratsa ta rabu uku, Kano da Jigawa da Yobe, alhali layin na Gwamnatin Tarayya ne, babu jihar da ke da iko da shi. A 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon dogo mai faɗi daga Kano zuwa Maraɗi, da reshe zuwa Dutse. Nguru da Malam Madori ba sa cikin taswirarsa.