YAKUBU GOWON: HAFSAN DA YA SAN RANAR AJIYE BINDIGA

A wannan biki na cikar shekara 50, ya kamata mu waiwayi zamanin da iyayenmu suka ratsa. Muna yara lokacin da samari daga ƙauyukan Dambatta da Bichi suka ajiye fartanya, suka bar gonakin gero da gyaɗa, suka tafi yaƙin basasa. Waɗansu sun komo, waɗansu kuwa shiru har yau. Babban kwamandansu shi ne Yakubu Gowon.

An haife shi a 1934. Ya tashi a Wusasa, kusa da Zariya, inda mahaifinsa yake aikin bishara. Ya yi karatu a makarantar da ake kira Barewa yanzu, ya shiga soja a 1954, ya sami horo a Sandhurst ta Ingila, ya zama hafsan sojan ƙasa. Sau biyu aka tura shi aikin kwantar da tarzoma a Kwango, a 1960 da 1963.

Bayan juyin mulki biyu na 1966, ragamar ƙasa ta faɗo hannunsa yana ɗan shekara 31. Ran 27 ga Mayu 1967 ya raba Nijeriya jihohi 12, cikinsu har da Jihar Kano tamu. Kwana uku bayan haka Ojukwu ya yi shelar Biyafara. Yaƙi ya ɓarke ran 6 ga Yuli.

Gowon ya ba sojoji dokar aiki a rubuce: kada a taɓa mata da yara, kada a ɓata coci ko masallaci, kada a kashe wanda ya miƙa wuya. Amma gaskiya ɗaya ce, ba kowa ya bi dokar ba. A Oktoba 1967 sojojin tarayya sun kashe farar hula masu yawa a Asaba, yunwa kuma ta cinye yara ba iyaka a Gabas. Wannan tabo yana nan, ba ma ɓoye shi.

Ran 15 ga Janairu 1970 Philip Effiong ya miƙa wuya a Barikin Dodan, Legas. Duniya ta zaci ramuwa za ta biyo baya. Maimakon haka Gowon ya rungume shi, ya ce ba wanda ya ci, ba wanda aka ci, ya kira jama'a ga sulhu da sāke gini.

Jama'ar Ubangiji, mu da muke noma iyaka da iyaka da maƙwabta, muna shan rijiya ɗaya, mu riƙe wannan: ran da ƙarfi ya zo hannunka, ran nan za a san ko ka iya gafara.