Ikilisiyar Tsibiri da harshen da take sujada da shi

Wata Lahadi da damana na raka wata abokiyar karatuna majami'arsu a Tsibirin Gobir, nan kusa da Maraɗi. Aikin jami'a ya kai ni: malaminmu ya ce kowa ya tattaro kalmomin aro a wani fanni na rayuwa. Na zaɓi majami'a don ina zaton zan cika takardata da Inglishi da Faransanci. Har anka tashi, abin da na samu daga bakin Turawa bai wuce "fasto" da "baftisma" ba. Saura kuwa addu'a, wa'azi, sujada, zunubi, tuba, gafara, bishara, duk Larabcin da ya shigo Hausa ta hannun malamai, irin wanda kakata ke faɗi bisa buzun sallarta. Abin ya ɗaure mini kai, shi ya sa na bi tarihin wurin.

Mishan ɗin da ta kafa ikilisiyar ita ce Sudan Interior Mission, wadda ake ce ma SIM. A 1893 samari ukku sunka sauka Legas da niyyar shiga ƙasar Sudan: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Biyu na farko sun mutu cikin shekara guda, Bingham kaɗai ya rage ya ci gaba. Sai a 1924 mutanensa sunka zauna Damagaram, a 1927 kuma anka buɗe tashar Tsibiri, garin da Gobirawa sunka kafa bayan jihadi ya kore su daga Alƙalawa.

Zaman bai zo da sauƙi ba. Mulkin Faransa bai saki jiki da waɗannan baƙi masu jin Inglishi ba, waɗanda kuma cibiyarsu ke hayin iyaka, ƙasar Ingilishi. Dokar mulkin mallaka ta ce lakkwal sai da Faransanci, su kuwa mafi yawansu ba su iya shi ba. Abin da ke hannunsu Hausa ce. Da ita sunka yi wa'azi a kasuwa, da ita sunka koya ma masu bi na farko karatun boko don su karanta Littafi Mai Tsarki, wanda cikakkiyar fassararsa ta Hausa ta fito a 1932.

A nan ne aikina ya yi daɗi. Masu fassarar sun riƙe sunan Allah, ba su ƙago wani ba. Amma sun bar "Isa" sun ɗauki "Yesu", don su raba tsakanin fahimtarsu da ta Musulmi. Fassarar 1932 na cewa Kristi. Sabuwar da ta biyo bayanta kusan shekara hamsin ta koma ga Almasihu. Kun ga ke nan, a kalma guda ana matsowa kusa da maƙwabci, a wata ana ja da baya. Haka zaman ikilisiyar da garinta ya kasance.

Jama'a da yawa ba ta wa'azi sunka san mishan ba, ta magani ne: asibitin Galmi da anka buɗe a 1950, da na kutare a Danja. Da ƙasa ta samu ƴancin kai a 1960, jagoranci ya fara komawa hannun ƴan ƙasa ƙarƙashin EERN, haɗaɗɗiyar ikilisiyar bishara ta Nijar. Daga baya an yi saɓani, wasu sunka ɓalle sunka kafa nasu ƙungiyoyi. Harshe da haƙori ma sukan saɓa.

Ina ƙarama lokacin da anka ƙone majami'u a Damagaram ran 16 ga Janairu 2015, washegari kuma a Yamai, saboda zanen wata jaridar Faransa. Mutum goma sunka rasu. Na tuna manya na cewa "addinin Nasara ne", ni ma na ɗauka haka ne. Ran da na zauna kusa da wata tsohuwa a Tsibiri tana rera waƙa da Gobiranci tsantsa, na tambayi kaina wace Nasara ce wannan. Bayan sujada ta ce mini, "Ɗiyata, ni nan anka haife ni, nan za a rufe ni."

Ƴan'uwa ɗalibai, a 2027 ikilisiyar Tsibiri za ta cika shekara ɗari. Mafi yawan abin da anka rubuta a kanta da Inglishi yake, kamar littafin Barbara Cooper na 2006. Tsofaffin da sunka ji labarin daga bakin masu bi na farko suna ƙarewa. Kowane ɗayanmu na da salula mai ɗaukar murya. Ni dai in hutu ya zo zan koma wurin tsohuwar nan, in ta yarda.