Daga Amani zuwa Umudike: Yadda Aka Nemi Irin Rogo da Doya Mai Lafiya

Manomin gero da dawa ƙwaya yake shukawa, kuma da yawa daga cututtukan da suka kama uwar ba sa bin ƙwayar zuwa gonar baɗi. Manomin rogo kuwa itacen bara yake sarewa ya dasa, na doya ya yanka doyar bara ya binne, haka mai dankali da mai gwaza. Duk abin da ke jikin uwar, lafiya ko cuta, shi ake dasawa. Ga kuma jinkirin yaɗuwa: ƙwayar masara ɗaya tana ba da ɗaruruwa, amma gindin rogo ɗaya bai cika wuce yanka goma a shekara ba, doya ma ba ta kai haka ba. Shi ya sa manomin doya kan ware har kashi ɗaya cikin uku na amfaninsa don iri.

A 1894 wani masanin tsirrai Bajamushe, Warburg, ya fara rubuta bayanin cutar da ke sa ganyen rogo ya yi dabbare-dabbare ya murɗe, a ƙasar da yau ake kira Tanzaniya. A shekarun 1930 aka kama bincikenta gadan-gadan a tashar Amani da ke can. Masu binciken tashar, Storey da Nichols, sun tabbatar da yadda farin ƙuda ke ɗaukar cutar daga gindi zuwa gindi, a 1936 kuma Storey ya bayyana wata cuta ta biyu, mai ruɓar da rogon daga ciki. Dabarar Amani ita ce auren rogo da wani danginsa na daji daga Brazil, wanda aka shigo da shi don roba, domin ya gaji juriyarsa. Da aikin ya tsaya a ƙarshen shekarun 1950, wasu 'ya'yan wannan aure sun riga sun iso gonar gwaji ta Moor Plantation a Ibadan, inda aka zaɓi wani gindi aka ba shi lamba 58308.

Wannan gindi shi ne jarin da cibiyar IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967, ta tarar. Dokta Hahn, mutumin Koriya, ya zo a 1971 ya yi aiki da shi, kuma daga 1977 aka fara fitar da nau'o'in da ake kira TMS, fitacce cikinsu TMS 30572. Sun bazu a kudancin Najeriya, har garin Ikire na ƙasar Yarabawa ya naɗa wa Hahn sarautar sarkin manoma. Sai dai juriya daban, tsabta daban. A daidai lokacin, cikin 1973, aka ga wani farin ƙwaro mai tsotson rogo a yankin Kwango, ya shigo a jikin itacen da aka kawo daga Kudancin Amurka. Kafin a shawo kansa da wani ɗan zanzaro da Hans Herren da abokan aikinsa suka fara saki a Najeriya a 1981, ya ratsa ƙasashe da dama. Daga nan hukumomi suka ƙara tsananta wa ɗanyen itace mai ƙetare iyaka.

Hanyar wanke iri daga Faransa ta fito. A 1952 Morel da Martin suka nuna cewa ƙarshen toho, wurin da tsiro ke girma, sau da yawa ƙwayar cutar ba ta kai gare shi ba. Ana ajiye tsiron cikin ɗumi na wasu makonni, a sa madubin ƙara girma a yanko ɗan tsinin da bai kai milimita ɗaya ba, a ɗora shi kan abincin tsiro mai kauri cikin kwalba a rufe. Idan ya yi saiwa da ganye sai a gwada shi, wanda ya fita lafiya a riƙa yanka shi gaɓa-gaɓa ana sake rainonsa. Ta cikin irin waɗannan kwalabe ne nau'o'in Ibadan suka riƙa tafiya ƙasashe ba tare da cuta ba.

Uganda ce ta ga amfanin haka, ita ce kuma ta ga iyakarsa. Wajen 1988 wani mummunan nau'in cutar dabbare-dabbare ya ɓulla a Luwero, ya riƙa cin kilomita 20 zuwa 30 a shekara, manoma suka bar noman rogo, yunwa ta shiga gundumomi. Aka ninka nau'o'i masu juriya, ciki har da TMS 30572, aka raba, rogo ya farfaɗo. Sai a 2004 ɗaya cutar ta Storey ta bayyana a tsakiyar ƙasar, bayan an daɗe ana ɗaukarta cutar bakin teku. Wannan ta fi cin rai. Ganye na iya zama kusan lafiya ƙalau, manomi ya yi shekara yana nome gonarsa, ranar da ya tono ya yanka sai ya tarar da ciki ya yi ruwan ƙasa ya ƙeƙashe, ba ya ciyuwa, ba ya sayuwa. Da yawa daga nau'o'in da suka jure cutar farko ba su jure wannan ba, kuma itacen da ake ba juna da kyakkyawar niyya ya taimaka mata wajen tafiya. Don haka shirin rogo na yankin Manyan Tafkuna, wanda ƙungiyar CRS ta gudanar a ƙasashe 6 daga 2007 zuwa 2012, ya sa sharaɗin duba gonar iri da gwada ganyenta kafin a sari itace.

Doya tata tafiyar daban. A farkon shekarun 1980 cibiyar binciken rogo da doya ta Umudike tare da IITA suka fito da dabarar yanka doya ƙanana, kamar giram 25, a shafe da magani a shuka don a sami irin baɗi. Manoma kaɗan ne suka rungume ta, domin ƙananan yankan kan ruɓe ko su ƙi tsirowa lokaci ɗaya. Shirin YIIFSWA da aka ƙaddamar a 2012 don Najeriya da Gana ya ƙara girman yankan, ya kuma kawo rainon doya ba ƙasa: saiwa na reto cikin akwati mai duhu ana fesa mata ruwan taki, ana yanka yaɗon gaɓa ɗaya-ɗaya ana dasawa. A Filato kuwa, duk da tashar dankalin Turawa ta Kuru, yawancin manoma na maimaita irin da suka ajiye shekara da shekaru, dankalin yana ƙanƙancewa.

A ganina babban sauyi ya zo ne da shirin BASICS, wanda ya kankama a 2016, domin ya ɗauki iri a matsayin sana'a. Ya shigo da dabarar rainon tsiron rogo cikin ƙananan robobi masu murfi daga Ajantina, aka kafa kamfanonin IITA GoSeed da Umudike Seeds don iri na tushe, aka horar da manoman ƙauye, musamman a Binuwai, su ninka su sayar, jami'an hukumar iri ta ƙasa suna zuwa duba gona su ba da shaida. Wahalar tana nan. Hekta ɗaya na cin dami 50 zuwa 60, kowane dami sanda 50, kaya mai nauyi da ke bushewa cikin 'yan makonni. Manomi kan ce, me zai sa in sayi itace alhali maƙwabcina zai ba ni kyauta? Duk shekarar da aka yi rabon kyauta kuma, mai sayar da iri ya rasa kasuwa ya watsar. Ga shi farin ƙuda na sake harbin iri mai tsabta bayan 'yan damuna, sai an koma an sabunta.

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo da doya, kuma cutar mai ruɓar da ciki ta riga ta shiga Kwango daga gabas. Tun 2015 shirin WAVE, ƙarƙashin Justin Pita a Kwaddibuwa, ke tura ma'aikata gonakin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, Najeriya na ciki, suna tsinkar ganye suna kaiwa ɗakin gwaji don a gano ta da wuri idan ta ƙetaro.